Tsagar da Ban Gada Ba

Sau uku suka kwantar da ni a asibitin nan na Leicester.
Na farko suka ɗauke duka biyun,
sankara ta bi su, Allah raka taki gona.
Na biyu suka cusa mini jakunkunan roba ƙarƙashin fata,
likita na murmushi, wai in na sa riga ba mai ganewa.

An ce baƙonka annabinka.
Jikina bai yi wannan karatun ba.
Kwana goma sha ɗaya, hagu ya yi ja kamar tattasai,
ɗinki ya buɗe baki,
zazzaɓi na kaɗa ni ƙarƙashin bargo biyu
ga na'urar ɗumama ɗaki tana huci a banza.
Ina yawo da kwalba a aljihun rigar barci,
bututu daga haƙarƙarina yana ɗiga mata ruwa
kalar zoɓon da aka tsinka.
Kowace safiya Nusaiba ta ɗaga ta wajen taga,
ta rubuta adadin a bayan takardar kuɗin wuta.

Na uku suka kwashe kayansu.

Da na warware, likita ya zana mini wata hanyar:
a yanko daga cikina, a dasa a sama,
awa takwas in an yi sa'a.
Na dubi hannunsa. Hannu mai kirki, ba laifinsa ba ne.
Na ce, Likita, gonar nan ta gaji da garma,
a bar ta ta huta.

Yaya Uwale ta kira daga Gusau:
"To ko tsumma ki riƙa cusawa, Tabawa, saboda idon jama'a."
Na ce jama'a ba su kwana da ni a gado mai lamba tara ba.
Ta yi shiru. Na ji tana jan hanci.
Ƙarshe ni na koma ba ta haƙuri.

Na audugan da aka ba ni suna cikin durowa
tare da tsofaffin fasfo.
Riguna bakwai na kai wa tela a Highfields,
wata dattijuwa da allurai a baki.
Ba ta tambaye ni komai ba,
ta gwada, ta tsuke, ta faɗi kuɗinta.
Ranar da na karɓo, furen atamfar da na shekara biyar ina sawa
ya kwanta sosai a ƙirjina.
Ashe tsuntsu ne a tsakiyarsa. Ban taɓa gani ba.

Ɗanlami ya yi wata biyu yana kwana fuska ga bango,
ba ƙyama ba, na sani, tsoro ne.
Wani dare ana yayyafi ya ce, ina man kaɗen?
Ya bi layin da yatsa, daga hammata zuwa hammata.
Rabin wurin ba ya jin taɓi.
Ban faɗa masa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun
da kan nonon da babu shi ke yi mini ƙaiƙayi,
in kai hannu in sosa iska,
in zauna bakin bahon wanka in yi kuka mai isata.

Kakata na da tsaga a kumatu,
kowa ya gani ya san gidan da ta fito.
Tawa biyu ce, a kwance, ban gada ba,
amma ita ma tana faɗin inda na fito.

Yanzu in na yi sujada, ba abin da ya tokare ni.
Jikata Ummulhairi ta ɗora kunne jiya,
ta ce, "Kaka, ana daka a cikinki."
Na ce ƙwarai, yarinya.
Ba a gama aikin gidan nan ba.